Ba a Kwana a Ƙasan Bene

Tun ranar da muka binne babanku, ke Rifkatu ba ki sake taka ƙofar yayanki Ishaya ba, ƙannenki kuma suka bi bayanki ba tare da sun tambayi inda za a je ba. Kuna cewa shi ya yanka ƙasan benenmu ya mai da shi shaguna don kwaɗayin haya, wai shirun da ya biyo baya ne ya ƙarasa tsohon. Rabin maganarku gaskiya ce, shi ya sa ta ƙi fita daga zukatanku. Na yi shiru ne don babanku ya ce a yi shiru, ciki kuwa ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma yanzu gwiwoyina sun fara gaya mini cewa tafiya ta yi nisa, kuma ba zan je gaban Ubangiji in bar ku a warwatse kan maganar da ni kaɗai na san kanta da gindinta ba.

Kun tashi a gidan nan, amma ba ku san shi ba, don yaro ba ya kallon gidan ubansa, gudu kawai yake yi a cikinsa. Turawan wani kamfani mai sayen citta ne suka gina shi a kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, kakanku yana kula musu da sito. Da suka tattara nasu ya nasu, gidan ya dawo hannunsa. Ƙasa dutse ne, bango mai kaurin da za ka kwantar da jariri a kan tagarsa, da 'yan ƙananan kafofin iska masu sandunan ƙarfe. Sama kuwa katako ne zalla. Babu silin tsakanin biyun, katakon da muke takawa shi ne rufin sito, kuma tsufa ya sa ya bubbuɗe, har in cokali ya kuɓuce miki sai ki sauka ki neme shi a cikin buhunan dauro. Ko rana tana narka kwalta a waje, can ƙasa sanyi ne kamar cikin randa. Ina amarya, wata malama 'yar ƙasar Filifin, cikin waɗanda gwamnati ta kawo koyarwa a zamanin, ta biyo wata ƙawata ta zo gaishe ni. Tana shiga sito ta tsaya cak, ta shafa bango, sai hawaye. Ta ce haka gidan kakarta yake a can ƙasarsu, dutse a ƙasa, katako a sama, shinkafa da amalanke a ƙasa, mutane a sama. Na tambaye ta ko su ma ba sa kwana a ƙasa, ta ce masu gida dai ba sa yi. Ranar na ji daɗi ƙwarai, na ɗauka duniya duka ta yarda da dokar gidan mijina.

Dokokin ƙasan benen biyu ne, surukata ce ta karanta mini su tun ban kwance kayan aure ba. Ta farko, kowa a unguwa yana da kusurwarsa. Mutanen ƙauye da suka kawo busasshiyar citta ba su sami kasuwa ba, a nan suke jinginar da buhunansu har farashi ya yi hankali. Malam Sale, maƙwabcinmu ɗan kasuwar citta wanda uban ubansa ma a garin nan aka haife shi, sikelinsa yana rataye a jikin gungumen tsakiya. Matan zumunta na cocinmu suna da lungunsu na tulunan kiɗa da ganguna, Mama Laraba ce mai kula da su. Akwai acca, akwai gwaza, akwai bencinan biki, akwai keken da ba a san mai shi ba. Makulli yana kan ƙusa a bayan ƙofa, kowa ya sani, kuma ban taɓa jin an ce allura ta ɓata ba. Doka ta biyu ita ce mai rai ba ya kwana a ƙasa. Saboda sanyin wurin, duk wanda ya rasu a gidan, nan ake saukar da shi a shimfiɗa shi a tsakiya kafin dangi su taru daga ƙauye. A nan aka kwantar da kakanku, a nan aka kwantar da surukata, a nan na zauna kusa da ƙaramar yarinyata da ba ku tashi kun gani ba. Ga yadda tsohuwar ta faɗa mini:

"Saratu, sama na masu numfashi ne. Ƙasa na kaya ne da waɗanda sun gama aiki. Ko baƙo ya cika gida, ki shimfiɗa masa a kicin, kar ki kai shi ƙasa."

Babanku kun san shi. Reluwe ta sallame shi, amma bakinsa bai taɓa karɓar fansho ba. Mutum ne da in bai sami abokin gardama ba har la'asar, sai ya tsokani akuya. To wannan mutumin ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar wata safiya yana ɗaura takalmin zuwa sujada. Allah ya bar masa harshensa, ya karɓe hannu da ƙafar hagu. Da aka sallamo mu daga asibiti, Ishaya ya goya shi ya hau matakalar nan tamu mai ƙunci, wadda ko buhun masara sai an karkata ake wucewa da shi. Suna isa sama, yaron yana haki, ya ce:

"Baba, matakalan nan zai kashe mu duka. Bari in share gefen ƙofa a ƙasa, in sa maka gado. Za ka riƙa ganin mutane, rana zai taɓa ka."

Ku riƙe wannan, domin Ishaya ne ya fara faɗinsa, tun kafin a yi mafarkin shago. Babanku kuwa ni ya juyo ya kalla. Na ga idonsa, na ɗauka tsoro ne a ciki, na ɗauka yana tambayata ne ko mun riga mun fid da rai da shi har za mu kai shi inda ake kai gawa. Sai na daka wa Ishaya tsawa, na ce ubansa bai mutu ba tukuna, kada ya ƙara kawo wannan zance. Babanku ya gyaɗa kai ya ce haka ne, ba a taɓa yi ba. Maganar ta mutu a nan.

Kuma da farko kamar mun yi daidai. Muka jawo gadonsa kusa da inda katako ya fi buɗewa, daidai saman sikelin Malam Sale, sai ga shi gari ya dawo ƙarƙashin gadonsa. Da takun mutum kawai yake gane shi. Da ƙamshi yake bambanta irin cittar da ake kira tafin giwa da wadda ake kira yatsun biri, ko dai yana yi mana burga ne, ba wanda ya iya kama shi. Ya sa aka ɗaura masa gwangwani da igiya, yana zura shi ta kafar, Malam Sale ya saka masa goro, shi kuma ya mayar masa da baƙar magana. Kullum sai ya zargi sikelin nan da ƙarya, kullum sai Malam ya ce masa ɗan reluwe da jirginsa bai taɓa zuwa kan lokaci ba ba shi da bakin zancen gaskiya. Shekarun da gari ya yi ta rikicewa, mutane suna komawa unguwannin da suka fi yarda da su, waɗannan tsofaffi biyu ba su fasa wannan faɗan nasu ba. Ranar da matan zumunta suke gwajin waƙa, a ƙasa suke yi don ya ji, yana buga sandarsa a katako yana gyara musu, Mama Laraba tana ɗaga kai tana cewa, "Baba, waƙan na mata ne, ka bar mu." Mutumin da ba ya iya juyawa sai an juya shi, amma ya fi ni sanin wanda ya haihu da wanda ya sayi babur. Ni da nake zuwa kasuwa da ƙafata, a wurinsa nake jin labarin kasuwar.

Sai shekarar da citta ta ruɓe. Kuna birni, a waya kuka ji. Mu kuwa da hancinmu muka ji. Ganye ya yi ruwan ɗorawa tun damina ba ta raba ba, in ka tona sai ka ciro abu mai wari yana narkewa a hannu. Daga nan har Kachia kuka ɗaya ake yi, ko iri ba a tsira da shi ba. Kaka ta zo, lokacin da a da sai ka bi ta kan buhuna kafin ka kai matakala, amma sito wayam, muryarka tana dawo maka. Malam Sale yana zuwa dai ya zauna ƙarƙashin sikelin da ba abin da zai auna. Ishaya kuwa duk abin da ya mallaka a gonar cittar nan yake, kuma da ita yake sayen maganin ubansa, da ita yake ciyar da gidansa da namu. Bai gaya muku ba don kowannenku yana fama da nasa. A daminar nan kuma kwanon rufi ya fara yoyo daidai kan babban gungume, kafinta ya duba ya ce in aka ƙara wata damina a haka, mu da gadon za mu sauka ƙasa ba ta matakala ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina ba babanku kunun acca, sai muka ji Ishaya ya shigo sito da Malam Sale. Yaron ya rage murya, ya manta cewa a gidan nan ko ɓera ya yi tari ana ji a sama. Yana roƙon Malam ya nemo masa mai sayen gonar gado ta ƙauye, gonar da kakanninku suke kwance a gefenta, don ya gyara rufi ya ci gaba da magani. Malam yana ce masa ya yi haƙuri ya ƙara tunani. Babanku ya ture kofin. Ya ɗauki sanda ya buga katako da ƙarfin da ban san yana da saura ba, ya ce su hau su biyun. Da suka tsaya a gabansa, Malam da ƙyar ya hawo yana haki, Ishaya kai a ƙasa, babanku ya ce:

"Gona yana haihuwa, sito ba ya haihuwa. Citta zai dawo wata rana, amma ƙasan da ka sayar ba ya dawowa. Ka kira magini, ka yanka ƙasan gidan nan, ka sa 'yan haya."

Ishaya ya ƙi. Da kunnena na ji ya ƙi, har ya durƙusa yana cewa in an yanka sito wa zai riƙa zuwa wurin Baba. Malam Sale ma ya sa baki, ya kira sunan babanku ya ce, "Bulus, ka san abin da kake yankewa kuwa?" Babanku ya ce ya sani sarai, ai shi ne mai kwana a kai. Sannan ya kafa mana sharaɗi mu uku: kada ƙannen Ishaya su ji cewa yayansu ya taɓa kai gonar gado kasuwa, don abin da za su riƙa yi masa gori da shi ne har jikoki. Ya ce gara a ce tsoho ya gaji da hayaniya. Bai yi tunanin cewa ba za ku yarda da wannan ba, za ku nemo wa kanku wani mai laifin.

Aka kira kowa ya kwashe nasa. Ranar da Mama Laraba da matanta suka fita da tuluna a ka zuwa coci, ba waƙa ba hira, na tsaya a taga ina kallo har suka sha kwana, na ji kamar gawa aka fitar. Malam Sale ya kwance sikelinsa da kansa. Magini ya ja bulo ya raba wurin, ya toshe kafofin iska, ya fasa ƙofofi ta bakin titi. Kafin a fara, Ishaya ya sake zuwa ya same mu, ya ce a bar ɗaki ɗaya na gaba a saukar da Baba. Babanku ya sake kallona, ni kuma na sake karanta idonsa yadda na karanta da farko. Na ce a'a.

'Yan haya suka ce sai an sa silin, kuma ban ga laifinsu ba. Mai kemis ba ya son ƙura a kan magani, tela ba ta son a ji hirarta da masu ɗinki, wa zai biya haya tsoho yana saurarensa daga sama? Duk da haka Ishaya ya roƙi mai cajin waya ya bar 'yar kafa a silin ɗinsa daidai gadon Baba. Abin da ya riƙa hawowa ta nan hayaƙin janareto ne da kiɗan samari, babanku da kansa ya ce a toshe. An gyara rufi, magani bai yanke ba, gona tana nan. Duk abin da ya lissafa ya fito daidai, sai abu ɗaya. Zumunta a ƙafa take, ƙafafun da suka saba zuwa gidanmu kuwa na tsofaffi ne, sito suke iya shiga, ba sa iya hawa bene. Mama Laraba ta gwada, ta tsaya a tsakiyar matakala tana kuka da gwiwa. Malam Sale yana zuwa ya tsaya a titi ya ɗaga murya ya yi sallama, amma gardama ba ta daɗi da ihu, a hankali ta koma gaisuwa, gaisuwar ma ta koma ta ranar Juma'a. Gwangwanin goro yana rataye a ƙafar gado. Babanku ya daina tambayar ranar da ake ciki. Na kunna masa rediyo, ya ce rediyo ba ya mayar da magana.

Ana saura 'yan makonni ya tafi, da rana tsaka ina shafa masa man zafi a kafaɗa, ya ce da ni ba tare da ya juyo ba:

"Maman Ishaya, lokacin da yaron nan ya ce a saukar da ni, me ya sa kin ƙi?"

Na ce don na ga tsoro a idonsa, ban so ya ɗauka mun gaji da shi ba. Sai ya yi 'yar dariyar da ta fi kuka ciwo.

"Ni ina so in sauka. Ke nake kallo. Na ce matan nan a wurin ta zauna da gawan 'yarta, in ta gan ni kwance a can kullum, zuciyanta ba zai ɗauka ba."

Shekara arba'in da ɗoriya muna kwana ɗaki ɗaya, na san irin gishirin da yake so a miya, na san tarinsa a cikin taron coci, amma kallo ɗaya ya gagare ni karantawa, shi ma nawa ya gagare shi. Kowannenmu yana kare ɗan'uwansa daga abin da ɗan'uwan bai ji tsoro ba, muka fake da dokar tsohuwar da ta daɗe a kabari. Na ce masa gobe-goben nan zan sa a fitar da tela a saukar da shi shagonta. Ya ce in bar yarinya ta ci abincinta, yanzu ko an saukar da shi ba shi da ƙarfin gardama. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, har ranar mutuwarsa ma bai kai shi ba. Da-na-sani ƙeya ce, kullum a baya take, kuma tawa ba ta bar ni na yi barci mai daɗi ba tun daga lokacin.

Sauran kun gani da idonku. Ishaya ne ya sauko da shi a goye, kamar yadda ya hau da shi, don makara ba ta juyawa a matakalar. Da ya iso ƙasa ya tsaya yana waige-waige, babu inda zai shimfiɗa ubansa, bulo ko'ina. Shi ne mutum na farko a gidan nan da aka wuce da shi mutuware, ɗakin ajiye gawa na asibiti, kai tsaye. A ƙofar gidan ne ke Rifkatu, kin sauka daga motar Mararaban Rido da ta kawo ki daga birni ko jaka ba ki ajiye ba, kika ce masa a gaban jama'a:

"Broda, ka sayar da wurin kwanciyan ubanka."

Bai ce miki komai ba, kuka ɗauka rashin abin faɗa ne. Alkawari ne ya riƙe masa baki. Malam Sale yana tsaye a wurin, na ga ya buɗe baki ya rufe, shi ma alkawarin ne. Yau ni na karya shi, in babanku yana da ƙorafi ya jira ni, na san dai ba zai rasa abin faɗa ba. Kuma duk wanda ya yi wa Ishaya gorin gona a cikinku, ya fara gaya mini inda yake lokacin da ake sayen magani.

Bara tela ta yi aure ta tashi. Na hana a sa wani. Na sa Ishaya ya fasa bulon da ya toshe kafar iska, ya cire silin, ya sauko mini da gadona. Wasu a coci sun yi ta gunaguni wai ina kiran mutuwa, na ce musu ta san hanyar sama ma, ai can ta sami mijina. Ga ni nan ina kwana a ƙasan bene da raina, ina ci ina sha. In an yi ruwa, dutsen bangon yana fitar da ƙamshin citta har yanzu. Mama Laraba tana zuwa da sandarta mu yi gulmar matan zumunta na yanzu da ba su iya buga tulu ba. Malam Sale yana zama a bakin ƙofa a kan benci, ya kawo goro ko da yake ya san ba na ci, sai ya ajiye a kan taga. Wani lokaci yana cikin magana sai in ga ya ɗaga kai yana kallon katako, yana jiran a ƙaryata shi.

Ranar da Ishaya yake sauko da gadon, ya tsaya a tsakiyar matakala ya jingina kansa da bango ya yi kukan da bai yi a jana'iza ba. Ya ce, "Mama, da haka muka yi wa Baba." Na ce masa shi ai ya faɗa, har sau biyu.

Rifkatu, kin ce Kirsimeti za ki zo ki gan ni. Ki zo, ƙofata a buɗe take, yanzu babu matakala tsakanina da kowa. Amma kada ki shigo mini sai kin fara biyawa ta gidan yayanki.